Shekarar da Na Fasa Ɗakin Babanku

Matsar zanen ce ta fara ɗaukar idona. Na zagaya bayan ɗakunan haya da azahar ina neman wata kazata da ta koyi yin ƙwai a ɓoye, sai na ga zane a shanye cikin lungun nan da ke tsakanin ɗaki na huɗu da katangar maƙwabta, inda ko akuya sai ta karkace take wucewa. Zanen mace ne, atamfa mai ruwan ganye da ta sha wanki. Amma an murɗe shi kamar igiyar guga, duk ya yi layi-layi, ko ɗigo ɗaya ba ya sauka daga bakinsa. Tun ina yarinya nake wanki, nake ganin wankin mata, ban taɓa ganin mace ta matse zane haka ba. Ƙarfinmu ba ya kai nan, kuma muna tausayin atamfa. Ina tsaye ina kallo sai na ji motsin ruwa a ƙarshen lungun. Mushe Asumane ne, ɗan hayar ɗaki na huɗu, a tsugune, ya ba ni baya, ya naɗe hannun riga, yana cuɗa fatarin matarsa a cikin baho, a hankali don kada ruwan ya yi ƙara. Na koma da baya ban yi sallama ba.

Ina rubuta wannan ne domin na san yadda kuke ba da labarin a tsakaninku. Kuna cewa Inna ta karanta littattafan soyayya har sun taɓa mata kai, ta fasa ɗakin babanmu don ƴan haya su sami wurin wanke tsummansu. Ban ce ƙarya kuka yi ba. Littattafan suna da hannu a ciki, amma ba ta inda kuke zato ba, kuma ina so ku ji daga wajena tun idona yana ganin layin takarda. Musamman kai, babban yayansu, da ba na kiran sunanka, wanda abin ya fi ci wa rai.

Kun san gidan yadda babanku ya bar shi a nan Madawa: sashenmu, ɗakuna huɗu na haya a jere da ya gina da ribar albasa, robine, wato famfo, ɗaya tal a tsakar gida, sai ɗakinsa shi kaɗai kusa da zaure, jikin katangar titi. Shekara uku tun rasuwarsa ɗakin yana kulle. Ran Juma'a nakan buɗe in share, in kaɗe buzunsa, in sake rufewa. Kai kuma ka aiko daga Kwatano in ajiye maka shi, nan za ka sauka da iyali in Allah ya nufa ka yi aure. Na ce to, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

Mushe Asumane malamin lakwal ne, makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe da Faransanci, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. A Babankatami yake koyarwa lokacin da tansiyo, hawan jini, ya kayar da matarsa Tsahara tana tsaye bakin turmi. Ɓarin jikinta na dama ya mutu, harshenta ya yi nauyi. Ya roƙa aka dawo da shi Madawa saboda asibiti, inda sau biyu a mako ake motsa mata hannu da ƙafa, ya kama ɗaki na huɗu. Ƴaƴansu mata biyu suna wajen uwarsa. Kun san al'adarmu. Mace in ciwo ya kwantar da ita kwanciya mai tsawo, gidan ubanta ake mai da ita, ƴan'uwanta mata su yi jinya, miji ya riƙa kai hatsi yana zuwa gaisuwa. Dangin Tsahara a Deule suke, kuma sun bar ta a hannunsa ne kawai don ya ce musu ya samo matar da za ta kula da ita. Ya samo ɗin. Wata tsohuwa ce da ke zuwa da safe ta zauna da ita har ya taso daga lakwal, amma tun ranar farko ta ce ita ba ta taɓa kayan da majinyaci ya ɓata. Shi ya sa yake jiran azahar, lokacin da zafi ya kore kowa cikin ɗaki, ya tari ruwa a bokiti ya shige lungu.

Ni kuwa kun san ni. Da girmana na koyi karatu a makarantar manya, kuma abin da na fara karantawa da kaina littafin soyayya ne da babanku ya sayo mini a kasuwar Ƙonni don ya ga ko da gaske na iya. Daga nan ban tsaya ba. Babanku mutumin kirki ne, bai taɓa barinmu da yunwa ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, amma a shekara talatin da ɗaya maganar da ta fi taushi da na ji daga bakinsa ita ce miyar yau ta yi. Sai na ɗauka irin son da ke cikin littafi a manyan birane kawai ake yinsa, a gidajen bene masu labule har ƙasa. Sai ga shi na gan shi a lungun gidana, tsugune gaban baho. Kwana uku na riƙe abin a cikina. Ran na huɗu ya fi ƙarfina.

Muna zaune a inuwa muna tsinkar zogale ni da Balki, matar direban kamiyo, babbar motar kaya, da ke ɗaki na biyu. Ƴar Buza ce, mai kirki, mai aiki kamar maza biyu, amma bakinta ba shi da murfi, kuma na san haka sarai.

"Balki, kin taɓa ganin so da idonki?"

"Na gani, Inna. Ran da maigidana ya dawo daga Agadas da buhun dabino."

"Ba wanga ba. So na gaske, irin na littahi."

Na kwashe labarin duka na ba ta. Har na ƙara abin da ban gani ba, na ce hawaye na zuba masa cikin ruwan, alhali bayansa kawai na gani. Balki ta ajiye zogalen ta ce Allah ya ba mu irinai. Da gaske take. Da yabo ta kai labarin injin niƙa, da yabo matan injin suka kai wa mazansu, amma a bakin maza yabon bai kai yamma ba. Kafin mako biyu, duk sanda Mushe zai wuce fadar masu shayi da ke bakin layinmu sai wani ya ɗaga murya.

"Mushe, in ka ƙare na gida, ga na tawa matar, ta gaji."

Yakan gaishe su ya wuce da jakarsa kamar bai ji ba. Mutanen Deule kuwa suna cin kasuwar Madawa. Ana cikin noman farko sai ga Nomau, yayan Tsahara, da ƙasar gona a ƙafarsa. Ya zauna a zaure, ya sa aka kira ni da Mushe, ya sha ruwa, ya gama gaisuwa tsaf kafin ya shiga magana.

"Hajiya, ba hwaɗa ya kawo ni ba. Asumane bai yi muna mugunta ba, ya dai yi abin da ba a roƙe shi ba. Tsahara tana da uwa da rai, tana da gwaggo, tana da ƙanne mata. A ce namiji ka wanke mata zane cikin birni, awa wadda ba ta da kowa? Uwarmu ta daina zuwa rijiya saboda bakin mata. In anka yanke gero ina zuwa da mota."

"Yaya," Mushe ya ce, kansa a ƙasa, "in ta bar asibiti yanzu, hannun da ƙafar za su sandare ke nan. Haka sunka gaya muna. Ta fara motsa yatsu biyu."

"Allah ka ba da lahiya, Asumane, kuma a Deule ma yana nan."

Bayan ya tafi na shiga ɗaki na huɗu. Tsahara tana jingine da matashi, ta ji komai, don zauren ba nisa. Maganarta a lokacin sai ka matsa kusa ka jira kowace kalma ta fito da kanta. Zan rubuta ta a miƙe, amma ku sani ta ɗauke ta lokaci.

"Inna, ke kinka hwaɗa?"

"Ni ce, ɗiyata. Yabo na yi."

"Shi kinka yaba. Zanen nawa ne. Abin da ke cikin zanen ma nawa ne."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A duk littattafan da na karanta, idona yana kan mai son, da abin da ya jure, da abin da ya bari. Ban taɓa tambayar yadda wadda ake jinya take ji in an ba da labarinta a injin niƙa ba. Na ce ta yafe mini, na ce daga yau ni zan riƙa wanke mata da hannuna, in aika Deule a gaya musu. Ta girgiza kai. Ta ce ni sa'ar uwarta ce, ba za ta iya kallon idona ba in na taɓa wannan kaya. Ta ce mijinta kuwa ta saba da shi, ya ga mafi muni, ba ta jin nauyinsa. Ta ce ba ta son tafiya. Sai ta ɗaga hannun hagu ta nuna mini na dama, ta motsa yatsun nan biyu, ɗaya bayan ɗaya, tana kallonsu kamar baƙi.

Balki ce ta buɗe mini hanya, ba da niyya ba. Washegari ta same ni a bakin robine ina zaune ba na komai, ta ajiye bahonta da ƙarfi, don ita ma laifin yana cinta, kuma ita in abu na cinta faɗa take yi.

"Ke kuma Inna kin zauna awa an yi rasuwa. Ai ba Mushe kaɗai ka ɓoyon wanki gidan nan ba. Ni ƙananan kayana cikin ɗaki nike shanya su bayan ƙyaure, su kwana biyu suna wari, don igiyarki tana kan hanyar mazan gida. Amaryar ɗaki na uku ran da ba ta salla ba ta wanki sai ta ga ba kowa. Ga ruwa ya maida tsakar gida fadama. Da akwai wuri mai ƙofa, wa zai san wa ya wanke mi?"

Ta ci gaba da mita, ni kuwa na tsaya a kan maganarta ta ƙarshe. Abin da ya ƙona Nomau ba wankin ba ne, gani da faɗa ne. Na zaga gidan da ido. Wuri mai ƙofa, kusa da tiyon ruwa, jikin katangar waje inda za a iya fitar da ruwan datti ba tare da ya ratsa tsakar gida ba. Na sake zagawa ko zan ga wani. Babu sai ɗaya.

Na kira ka a waya kafin in taɓa ko bulo ɗaya, wannan ka shaida. Ban iya ba ka dalilin duka ba, don na riga na koyi abin da bakina ke jawowa, na ce maka dai ƴan haya suna cikin matsi. Sai ka ce:

"Inna, ɗakin Baba? Inda ya yi shekara talatin yana nafila, nan za ki zuba ruwan ƙazantar mutane?"

Na ce Allah ya yi maka albarka, ka ce amin, muka ajiye. Na san alkawari na karya, kuma na san ba ɗaki kawai kake nema ba, wurin da za ka dawo ka tarar da ubanka kake nema. Na auna wannan da yatsun Tsahara guda biyu. Ban ce awona daidai ne ba. Na ce dai ni na jawo mata, kuma ni kaɗai ke da ɗakin da zai iya gyarawa.

Ni kaɗai na kwashe kayansa. Buzun, rediyon, tsofaffin buhunan albasa da ya ƙi zubarwa, rawaninsa na Idi. Har yanzu ɗakin yana ƙanshin albasa da turaren wuta. Na bi kowane aljihu da kowane ƙasan akwati, don a littafi in miji ya rasu kullum akwai wasiƙar da ya ɓoye wa matarsa. Na sami goro busasshe guda biyu da allurar ɗinkin buhu. Na zauna a ƙasa na yi dariya, daga nan na yi kukan da ban yi ba tun fitar takaba.

Na sayar da awakina na kira wani magini ɗan Urno. Na fara zayyana masa abin da nake so, da farin tangaran a bango, da madubi, da fenti ruwan hoda. Ya saurare ni har ƙarshe yana tauna asuwaki.

"Inna, wanki za a yi ko amarya za a kawo?"

Shi ya tsara abin da kuke gani yau, kuma Allah ya saka masa. Ya cire rabin kwanon rufi don rana ta shiga ta busar da kaya, ya bar rabi don inuwar mai wanki. Ya ƙara wa bangon tsawo ta gefen da aka buɗe, yadda ko mai tsaye kan kamiyo ba zai leƙo ba. Ya gina kwami biyu na siminti daidai ƙugu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, don a daina tsuguno. Ya jawo tiyo daga robine. Ya karkatar da daɓen zuwa wata ƴar kafa a gindin katanga, ruwan ya bi ta nan ya faɗa rami mai zurfi da ya cika da duwatsu ya rufe, don kada mu ɓata wa maƙwabta titi. Ya ɗaura waya layi biyar. Ruwan sama ya tsai da mu sau biyu, sau ɗaya ya wanke daɓen tun bai kama ba aka sake. Abu ɗaya ne na kafe a kai. Kusurwar gabas, inda buzun yake zama, na sa ya ɗaga ta ya yi dakali mai tsawon gwiwa. Ya ce ɓarnar siminti ce. Na ce ya yi. A nan ake ajiye kayan da suka bushe aka ninke, kuma daga ranar zuwa yau ruwan wanki bai taɓa wurin ba. Wannan ita ce amsar da ban iya ba ka a waya ba. Na san ba ta kai tambayar ba.

Ranar da aka sa ƙofa, da sakata ta ciki, na tara matan gidan. Na zo da dogon jawabi a raina, Balki ba ta bar ni na kai rabi ba. Ita ta raba lokaci: kowane ɗaki da nasa, wannan hantsi, wancan azahar, ana juyawa. In ƙofa tana rufe ba a ƙwanƙwasawa, ba a tambaya, ba a zama a bakin ƙofa ana jiran ganin mai fitowa. Sannan ta shiga ɗakinta ta fito da babban bahonta mai murfi, wanda aka yi mata gara da shi, ta ajiye a bayan ƙofar.

"Wanga bahon gida ne. Mai jego, mai zazzaɓi, wadda ta gaji, ta zuba kayanta ta ruhe. Wadda ta shigo ta ga da saura a hannunta ta wanke abin da ta iya. Ba a cewa na wane ne. Wadda ta kai labarin ɗakin nan injin niƙa, ni da ita." Ta juyo ta kalle ni. "Har da masu gida."

Na ce na ji. Azahar ta faɗo wa ɗaki na huɗu, kuma ba wanda ya ce komai a kai.

Da aka ɗaure gero Nomau ya cika alkawari. Ya zo da mota, da katifa a baya, da gwaggonsu, wata doguwar tsohuwa da tsage a kumatu, wadda aka ɗauko don ta riƙe Tsahara a hanya. Nomau ya zauna a zaure tare da Mushe. Gwaggon ta shiga ɗaki na huɗu, ta daɗe, ta fito ba ta kalli kowa ba.

"Ina anka ce ana wanke mata kayan?"

Balki ta kai ta, ina biye. Tsohuwar ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta duba sama, ta duba bangon, ta taɓa sakatar, ta murɗa robine ta rufe. A kan wayoyin akwai zannuwa da riguna na ɗakuna uku a gauraye.

"Wa ka wanke na ɗiyarmu?"

"Gidan ka wanki, Gwaggo," in ji Balki, ta buɗe mata bahon ta gaya mata dokarsa.

A cikin bahon ranar akwai zanen gadon Tsahara da wandon jaririn ɗaki na ɗaya. Tsohuwar ta cire mayafinta ta rataye, ta ce mu ba ta wuri. Muka fita, muka ji ta sa sakata. Muna tsaye a tsakar gida muna jin ƙarar cuɗa, Nomau yana leƙowa daga zaure yana tambayar mi ake jira. Da ta fito hannunta a jiƙe har gwiwa, ta wuce zauren kai tsaye.

"Tashi ka tahi, Nomau, kada yamma ta yi maka. Ka ce ma uwarku ni na wanke, da hannuna. Ina nan har kwana goma. In na koma ƙanwarku ta zo, in ta koma wata ta zo. Wuri ya samu."

"Gwaggo, to tsakanin zuwan wagga da zuwan waccan hwa?" Ya juya wajen Mushe. "Asumane, ka daina?"

Mushe bai ɗaga kai ba, kuma na san ba zai yi ƙarya ba.

"Kai ka gani?" gwaggon ta ce. "Ɗaki ne mai ƙofa. Wanda ya ce ya gani, ka tambaye shi mi ya kai idonai cikin ɗakin wankin matan mutane."

Nomau ya miƙe tsaye. Sannan ya ce zai ga ƙanwarsa. Ya tarar da ita a tsaye, ta dafa ƙyaure da hannun hagu, gumi na zuba mata, don tun shigar gwaggo take ƙoƙarin miƙewa. Ta ce masa, Yaya, ka gaida Innarmu, ka ce ina tsaye. Ya kalle ta daga sama har ƙasa. Ya fita ya sauke damin gero biyu da ya zo wa Mushe da su, wanda da ma na sallama ne, ya koma Deule da katifar ba kowa a kai.

Ƙannenta sun riƙa zuwa da rani, da damina gona ta riƙe su. Da azahar ƙofar takan rufe kamar kullum. Kowa a gidan ya sani, ba wanda ya gani. Masu shayi suka gaji suka koma kan wani. Ni kuma na koyi wuce ƙofar nan ba tare da na saƙa komai a raina ba, abin da ya fi mini koyon karatu wuya.

Abin da na biya kun san shi. Salla biyu ba ka zo ba. Da ka yi aure a can ka ajiye iyalinka, jikokina suka tashi suna jin wani yare fiye da nawa, in sun zo sai su kwana a sashena kamar baƙi. Ba na ɗora maka laifi. Da ni ce kai, ban san ko da na dawo a ta uku ba, kai kuwa ka dawo, ka tsaya a ƙofar ɗakin ka daɗe, ka ci tuwona. Na gode maka da wannan, ban taɓa faɗa maka ba. Na gode wa babanku da ya gina ɗakinsa jikin katanga kusa da ruwa, kamar ya san za a nema. Na gode wa Balki, wadda bakinta ya taya ni ɓarna kuma ya fi nawa iya gyara. Matan da suka haihu a gidan nan tun daga lokacin, ba wadda ta wanke kayan jegonta ita kaɗai, ni ma shekarar da gwiwa ta kwantar da ni na zuba nawa a bahon na rufe, har yau ban san hannun da ya wanke ba. Littattafaina kuma ban daina karanta su ba, kada ku sa rai.

Tsahara ta yi shekara huɗu a ɗaki na huɗu. Ta fita da sanda, tana jan ƙafa, hannun dama yana iya riƙe ludayi. Aka mai da Mushe garin Keita, suka ɗauko ƴaƴansu, ta aurar da su duka biyu daga ɗakinta. Kowa ya ɗauka ita za ta riga shi, sai ga shi shi ne ya kwanta kwana shida kawai, bara waccan, Allah ya ji ƙansa. Da ta fita takaba Nomau ya aika zai zo da mota, ya tsufa shi ma, ya ce ɗakin uwarsu yana nan ba kowa. Ta ce ya bar motarsa. Ta hau ta kasuwa ita kaɗai, ta biyo ta Madawa ta yini a wajena, har yanzu maganarta sai an jira ta. Na ce, ashe dai Deule za a koma. Ta ce e, can za ta zauna, tana son ta mutu inda ake kiranta da sunan yarinta. Na raka ta tasha, na miƙa hannu zan taimaka mata ta hau, ta ture shi da sandar.

"Bari, Inna. Wancan karon da Nomau ya zo da katifa, ɗaukata anka zo yi. Yanzu ni ka tahiya."